Sharhi: Yadda Shelbourne ta ɗauki kofin lig na Ailan da maki 63 kacal

A daren Juma'a, 1 ga Nuwamba 2024, ƙungiyar Shelbourne ta birnin Dublin ta je garin Derry ta doke masu masaukinta da ci ɗaya mai ban haushi, ta ɗauki kofin lig na Jamhuriyar Ailan. Wannan ne karo na 14 da ta ci kofin a tarihinta, kuma rabonta da shi tun 2006. Labarin ya ketare iyakar Ailan ne saboda sunan kocin, Damien Duff, wanda duk wanda ya zauna a gidan kallo a zamanin Mourinho na farko a Chelsea zai tuna da shi yana sheƙa gudu ta gefe.

Sai dai wanda ya saba da Firimiya ko La Liga, idan ya leƙa labarin, zai ci karo da abubuwan da ba su yi kama da abin da ya sani ba. An kammala lig a watan Nuwamba, lokacin da gasar Ingila ba ta ma kai rabi ba. An yi wasan ƙarshe a garin da ke ƙarƙashin Birtaniya, ba a cikin Jamhuriyar Ailan ba. Zakarar ta ci wasa 17 ne kawai cikin 36, wato ba ta ci ko rabin wasanninta ba. Sannan ƙungiyar da ta ci kofi a 2006 ta wayi gari a rukuni na biyu a 2007 ba tare da ta faɗi a fili ba. Kowanne daga cikin waɗannan yana da dalili, kuma sai an haɗa su ake gane nauyin abin da ya faru.

Tsibiri ɗaya, lig biyu

Tsibirin Ailan ya kasu gida biyu. Akwai Jamhuriyar Ailan mai cin gashin kanta, babban birninta Dublin, akwai kuma Ailan ta Arewa da ke cikin Birtaniya, babban birninta Belfast. Ƙwallon ƙafa ma haka ta rabu tun 1921. Hukumar IFA da ke Belfast ce ke riƙe da arewa, FAI da ke Dublin kuma ke riƙe da kudu, kowacce da tawagarta ta ƙasa da gasarta ta lig. Gasar kudu ce ake kira League of Ireland, kuma ita Shelbourne ta ci. An kafa Shelbourne a 1895, ta buga a tsohuwar gasar tsibirin gaba ɗaya kafin rabuwar, tana kuma cikin ƙungiyoyin da aka fara gasar kudu da su a 1921.

Derry City ce ta fita daban. Garin Derry yana Ailan ta Arewa, amma a farkon shekarun 1970, lokacin rikicin da ya ɗaiɗaita yankin, aka hana ƙungiyar buga wasanninta a filinta na Brandywell saboda tsaro, aka tilasta mata karɓar baƙi a garin Coleraine. A 1972 ta fice daga gasar arewa. Sai a 1985 aka ba ta izini na musamman ta shiga gasar kudu, kuma a can take har yau. Shi ya sa aka miƙa kofin Jamhuriyar Ailan a ƙasar Birtaniya.

Game da lokaci kuwa, tun 2003 gasar ta koma ta bazara: ana farawa a Fabrairu, a gama a farkon Nuwamba. An yi hakan ne don a kauce wa filayen da ruwa da sanyin hunturu ke lalatawa, a kuma tabbatar 'yan wasa suna kan ganiyarsu a watan Yuli lokacin da ake fara wasannin share fage na Turai. Yawancin wasanni a daren Juma'a ake yi, saboda Asabar da Lahadi hankalin masu kallo na kan Ingila da kuma wasannin gargajiya na Ailan, waɗanda ke tara jama'a fiye da ƙwallon ƙafa ta cikin gida.

Ƙungiya goma ce a rukunin farko. Kowacce tana haɗuwa da kowacce sau huɗu, biyu gida biyu waje, jimla wasa 36. Ta ƙarshe tana faɗuwa kai tsaye, ta tara kuma tana buga wasan neman tsira da wata daga rukuni na biyu. Wannan haɗuwa sau huɗu tana da tasiri a kan sakamako. Kafin kaka ta yi nisa kowane koci ya haddace abokin karawarsa, dabarar ba-zata ba ta daɗewa, kuma canjaras kan yi yawa.

Kofin 2006 da abin da ya biyo baya

Daga 2000 zuwa 2006 Shelbourne ce ke jan zarenta a Ailan. Ta ci lig sau biyar a wannan tsakanin. A 2004, ƙarƙashin koci Pat Fenlon, ta fitar da KR Reykjavik da Hajduk Split a share fagen Gasar Zakarun Turai, ta riƙe Deportivo La Coruña babu ci a Dublin kafin ta sha kashi 3-0 a Sifaniya. Taki ɗaya ya rage ta shiga matakin rukuni. A tawagar wancan zamani akwai Wes Hoolahan da Jason Byrne da Owen Heary, da kuma Joseph Ndo ɗan Kamaru.

Lissafin shugabannin kulob ɗin a lokacin, ƙarƙashin Ollie Byrne, shi ne a kashe kuɗi a tara gwanaye, idan aka kutsa matakin rukuni na Turai kuɗin zai dawo har da riba. Ba a kutsa ba. Albashi ya fi ƙarfin abin da ake samu a ƙofa, bashin haraji ya taru, aka shiga cin kuɗin da ake sa ran samu daga sayar da haƙƙin filin kulob ɗin, Tolka Park. A kakar 2006 'yan wasa sun ci kofi alhali ana riƙe musu albashi. Da kaka ta ƙare koci ya tafi, kusan duka 'yan wasan suka watse, hukumar FAI ta hana kulob ɗin lasisin rukunin farko, aka mayar da shi rukuni na biyu. Gurbin Gasar Zakarun Turai da ya samu ma bai buga ba, Derry City ce ta maye shi. Ollie Byrne ya rasu a Agustan 2007.

Ba Shelbourne kaɗai wannan cuta ta kama ba. Cork City da ta ci kofi a 2005, kamfanin da ke riƙe da ita ya rushe a 2010, magoya baya ne suka tashe ta. Drogheda United da ta ci a 2007 ta nemi kariyar kotu daga masu bin ta bashi a shekarar da ta biyo baya. An kori Derry City daga rukunin farko a 2009 kan batun kwangilolin 'yan wasa. A wancan zamani, cin kofin Ailan kusan alama ce ta cewa kulob ya ci bashin da ba zai iya biya ba.

Shelbourne ta shafe shekaru tana hawa tana sauka. Ta dawo rukunin farko a ƙarshen 2011, ta faɗi a 2013, ta sake hawa a 2019, ta sake faɗuwa a 2020, sannan ta ci rukuni na biyu a 2021 ƙarƙashin Ian Morris. A tsakanin nan har filinta ya kusa kuɓuce mata. Majalisar birnin Dublin ta karɓi Tolka Park a 2016 da shirin a sayar da shi, Shelbourne ta koma zaman haɗaka da Bohemians, wata ƙungiyar Dublin, a filin Dalymount Park idan an sabunta shi. Magoya baya da mazauna unguwar Drumcondra suka tashi da fafutukar ceto filin, majalisar ta janye shirin, kuma a 2024 aka amince a ba kulob ɗin hayar filin ta shekara 250.

Zuwan Duff da tambayar wa ke da ta-cewa

An naɗa Damien Duff koci a Nuwamban 2021. A matsayin ɗan wasa babu abin da zai nuna wa kowa: ya buga wa Ailan wasa 100, ya ci ƙwallo a Gasar Kofin Duniya ta 2002, Chelsea ta saye shi daga Blackburn kan fam miliyan 17 a 2003, ya ci Firimiya a 2005 da 2006, ya buga wasan ƙarshe na Europa da Fulham a 2010. Amma bai taɓa riƙe babbar ƙungiya a matsayin shugaban masu horarwa ba. Ya yi mataimaki a Celtic da tawagar Ailan, ya kuma horar da matasan Shelbourne. Mutane da yawa sun ɗauka an ɗauko suna ne don a jawo 'yan kallo.

A 2022 ƙungiyar ta ƙare ta bakwai, ta kai wasan ƙarshe na kofin FAI, gasar fitar da gwani ta ƙasar, inda Derry City ta lallasa ta 4-0. A 2023 ta ƙare ta huɗu da maki 60, ta samu gurbin Turai.

A tsakiyar 2023 ɗin ne attajirin Turkiyya Acun Ilıcalı, mai kulob ɗin Hull City na Ingila, ya sayi mafi yawan hannun jarin Shelbourne. Wannan shi ne tsarin da ya yaɗu a ƙwallon Turai, inda mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ke mallakar kulob fiye da ɗaya, ƙaramin ya zama wurin gwada 'yan wasan babban. Amfaninsa a fili yake: kuɗi da 'yan wasan aro. Daga Hull ne Harry Wood da Will Jarvis suka zo. Haɗarinsa kuma shi ne ƙaramin kulob ya rasa ikon zaɓar wanda zai saya da wanda zai sa a fili. Zaman bai wuce wata biyar ba. A Nuwamban 2023, lokacin da makomar Duff ke cikin ruɗani, Ilıcalı ya janye, ɗan kasuwar Ailan Mickey O'Rourke ya karɓi ragamar, Duff ya sa hannu a sabuwar kwangila. Kulob ɗin ya shiga 2024 da kuɗi ƙasa da yadda aka yi tsammani, amma koci ne ke da ta-cewa a kan tawagarsa. Abin lura shi ne dangantaka da Hull ba ta yanke gaba ɗaya ba: Jarvis ya dawo aro, Wood kuma aka saye shi a tsakiyar kaka.

Yadda kakar ta gudana

Kakar ta kasu kashi uku da ba su yi daidai da juna ba.

Shelbourne ta fara da kunnen doki a Waterford, sannan ta ci wasa shida a jere. A cikin makonni kaɗan ta tara maki 19 daga wasa bakwai, ta haye saman tebur, yayin da Shamrock Rovers, mai riƙe da kofin shekara huɗu a jere, ke tuntuɓe. Kusan kashi ɗaya cikin uku na duka makin da Shelbourne ta samu a kakar, a waɗannan wasanni bakwai ta tara su. Sauran wasa 29 sun ba ta maki 44 ne kawai, wato maki ɗaya da rabi a kowane wasa, lissafin ƙungiyar da ke tsakiyar tebur.

Salon wasan bai ɓoyu ba. Baya ake fara gyarawa. Conor Kearns a raga, Paddy Barrett da Gavin Molloy a tsakiyar baya, Sean Gannon wanda ya riga ya ci lig da wasu ƙungiyoyi uku a gefe, kyaftin Mark Coyle yana tare hanya a tsakiya. A gaba an dogara da gudun Jarvis da ƙarfin Sean Boyd. Ƙungiyar ta ci ƙwallo 40 ne a wasa 36, amma 27 kawai aka zura mata, mafi ƙaranci a gasar. Shamrock Rovers ta ci 50, St Patrick's Athletic 51, Derry 48, duk sun fi ta cin ƙwallo.

Kashi na biyu ya fara ne da bazara. Aberdeen ta Scotland ta sayi Molloy a watan Yuni. A Agusta Hull ta kira Jarvis ya koma gida, lokacin da shi ne ya fi kowa tayar wa 'yan bayan abokan hamayya da hankali. A Turai Shelbourne ta fitar da St Joseph's ta Gibraltar, FC Zürich ta fitar da ita. An kawo sababbi irin su Wood da Aiden O'Brien da Ali Coote da Rayhaan Tulloch, amma kafin su saba, maki sun yi ta zubewa. Daga Yuli zuwa farkon Oktoba wasan lig ɗaya kawai ta ci cikin goma. St Patrick's ta zo har Tolka ta doke ta 3-2, Rovers ta doke ta 2-0 a Tallaght, gidan Rovers. A kowace kaka ta al'ada, wannan ya isa ya kashe batun kofi.

Abin da ya hana hakan shi ne babu wanda ya karɓi abin da ta saki. Derry City ce ta fi kowa samun dama, ta yi ta canjaras a wasannin da ya kamata ta ci, ta gama kakar da kunnen doki 13. St Patrick's, bayan ta naɗa tsohon kocin tawagar Ailan Stephen Kenny a watan Mayu, ta ci wasanninta tara na ƙarshe a jere, amma ta makara da tasowa. Rovers ta Stephen Bradley ta farfaɗo a ƙarshe har ta zo wuya.

Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wasa uku suka rage, Shelbourne ta ci dukansu: Waterford 3-1, Drogheda 2-1, sai Derry. An shiga daren ƙarshe tana da maki 60, Rovers na da 58 amma ta fi ta yawan rarar ƙwallaye. Ma'ana, idan Shelbourne ta yi canjaras Rovers kuma ta ci, duka za su tsaya a 61, kofi ya tafi Tallaght karo na biyar a jere, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar. Rovers ta yi nata, ta doke Waterford 2-1. A Brandywell kuwa babu ci har minti na 85, lokacin da Boyd ya buga bugun tazara, golan Derry Brian Maher ya ture, Wood ya bi ya ƙarasa ta cikin raga. Tebur ya tsaya haka: Shelbourne 63, Rovers 61, St Patrick's 59, Derry 55.

Gwanintar zakara ko raunin abokan hamayya?

A nan ra'ayi ya rabu, kuma kowane ɓangare yana da hujja.

Masu cewa gasar ce ta yi rauni suna nuna alƙaluma. Dundalk ta ci kofi da maki 87 a 2018 da 86 a 2019. Rovers ta ci da 78 a 2021, 79 a 2022, 72 a 2023. Shelbourne kanta maki uku kawai ta ƙara a kan 60 ɗin da ya ba ta matsayi na huɗu a 2023. Rovers ta sauko da maki 11, Derry ta sauko daga 65 zuwa 55. A wurinsu, Shelbourne ba ta taka sama ba, manya ne suka sauko suka same ta. Suna ƙarawa da cewa Rovers ta buga wasan Turai takwas a Yuli da Agusta, da Víkingur da Sparta Prague da Celje da PAOK, sannan ta shiga matakin lig na gasar Conference, ta uku a girma cikin gasannin kulob na Turai, a Oktoba, nauyin da Shelbourne ba ta ɗauka ba.

Masu kare darajar kofin suna cewa a duba ƙasan tebur kafin a yanke hukunci. A 2023 ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe, UCD, maki 11 ta samu duk kakar, wato kusan kowace babbar ƙungiya na da maki goma ko sha biyu a ajiye a wurinta. A 2024 babu irin wannan. Ƙungiyoyi biyun da suka hau, Galway United da Waterford, sun gama da maki 52 da 45. Drogheda da ta zo ta tara ita ce ta ci kofin FAI, ta doke Derry 2-0 a wasan ƙarshe. Idan babu mai raba maki kyauta, dole jimlar na sama ta ragu. Game da gajiyar Turai kuwa, suna tunatarwa cewa Rovers ta fi yin kyau a lig a daidai lokacin da take buga wasannin Turai na Oktoba, kuma makin da suka hana ta kofi tun farkon kaka ta zubar da su. Haka nan gasar da ta biyunta ta kai zagayen fitar da gwani a Conference, kamar yadda Rovers ta yi a wannan kakar, da wuya a kira ta mai rauni.

Idan aka auna biyun, hujjar farko tana bayyana dalilin da ya sa ƙofa ta buɗe, ta biyun tana bayyana dalilin da ya sa maki 63 ba ƙaramin abu ba ne a wannan shekarar. Abin da babu ɗayansu da ya musanta shi ne ƙofar ta buɗe wa ƙungiya huɗu, kuma wadda ta fi ƙarancin kuɗi a kan Rovers da Derry ce ta shige. Ba a iya kiran Shelbourne ta 2024 ƙungiya mafi ƙarfi da Ailan ta gani a shekarun nan, domin Dundalk ta zamanin da Kenny ke horar da ita da Rovers ta 2022 sun fi ta nesa ba kusa ba. Amma ita ce ta fi wahalar dokewa: sau bakwai kawai aka ci ta, Rovers da Derry kuwa sau tara kowacce, St Patrick's sau 11.

Akwai kuma muhawara kan Duff kansa. Magoya bayansa na ganin ya gina ruhin "mu kaɗai ne, kowa na adawa da mu", irin wanda ya koya wurin Mourinho, har Mourinho ya aiko wa 'yan wasan da saƙon bidiyo kafin wasan Derry. Masu sukarsa na ganin yawan faɗa da alƙalan wasa da hukumar FAI ya wuce kima, wasan ƙungiyarsa kuma ba ya ƙayatarwa. Abin da kusan kowa ya yarda da shi shi ne maganganunsa sun sa jaridu da talabijin sun waiwayi gasar da suka daɗe suna yi wa kallon hadarin kaji.

Ina kuɗin yake?

Kofin lig na Ailan kansa ba ya kawo kuɗi mai yawa. A 2024 ladan zakara bai kai Yuro 200,000 ba, abin da wasu 'yan wasan Firimiya ke karɓa a mako guda. Darajar kofin tana cikin ƙofar da yake buɗewa a Turai. Zakaran ƙasa yana shiga share fagen Gasar Zakarun Turai ta hanyar da aka keɓe wa zakarun ƙasashe. Idan aka fitar da shi ba gida yake komawa ba, yana gangarowa zuwa Europa ko Conference, ya ci gaba da haɗuwa da zakarun ƙananan ƙasashe irinsa maimakon manyan ƙungiyoyin Jamus ko Italiya. Wanda ya ci zagayen farko kuwa ya samu dama fiye da ɗaya ta kaiwa matakin lig, inda kuɗin shiga gasar Conference kaɗai ya haura Yuro miliyan uku.

Wannan ne ya faru a 2025. Shelbourne ta fitar da Linfield ta Belfast a zagayen farko, Qarabağ ta Azerbaijan ta fitar da ita, Rijeka ta Croatia ta sake fitar da ita a Europa, sannan ta sake haɗuwa da Linfield a zagayen ƙarshe na Conference ta doke ta, ta shiga matakin lig a karon farko a tarihinta. Burin da aka ci bashi dominsa a 2004 aka rasa, an cim masa bayan shekara 21, a gasar da ba a ma ƙirƙire ta ba a wancan lokacin.

Tsarin yana da illa ga gasar cikin gida. Kulob ɗaya ko biyu na samun miliyoyi, sauran na rayuwa da kuɗin ƙofa da tallafin masu su. Dundalk ta kai matakin rukuni na Europa sau biyu, a 2016 da 2020, ta samu kuɗin da babu kulob ɗin Ailan da ya taɓa gani a lokacin. A Satumban 2024 ta kasa biyan albashi, ta kusa rufewa, a ƙarshen kakar da Shelbourne ta ci kofi kuma ta faɗi rukuni na biyu. Mallakar kulob da yawa ma ta nuna ɗaya fuskarta: UEFA ta hana Drogheda shiga gasar Conference a 2025 saboda masu ita su ne masu Silkeborg ta Denmark, wadda ita ma ta samu gurbi a gasar.

Abin da ya shafi magoya baya da 'yan wasa

Ga mai zuwa kallo, canjin farko shi ne wurin zama. Tun bayan annobar korona jama'a ke ƙaruwa a filayen Ailan, amma filayen tsofaffi ne kuma ƙanana. A 2024 Tolka Park bai kai ɗaukar mutum 6,000 ba, tikitin manyan wasanni kan ƙare tun kafin ranar, kuma bai cika sharuɗɗan manyan matakan UEFA ba, don haka wasannin Shelbourne na matakin lig a filin Tallaght, gidan abokiyar hamayyarta, aka buga su. Girman buƙatar ya fito fili a Fabrairun 2025, lokacin da aka kai wasan Bohemians da Rovers filin Aviva, mutum fiye da 33,000 suka shiga. A shekarar ce kuma tashar Virgin Media ta fara nuna wasan lig kai tsaye kowane mako. Inda buƙata ta fi wurin zama yawa, farashin tikiti kan tashi, kuma masu ƙaramin ƙarfi na unguwa ne ke fara jin hakan a jikinsu.

Ga 'yan wasa, al'adar da ta daɗe ita ce kwangilar kaka ɗaya wadda ba ta biyan watannin hutu, ɗan wasa ya nemi abin yi daga Nuwamba zuwa Janairu. Yanzu manyan ƙungiyoyi na ba da kwangilar shekara biyu ko uku, an kuma sa mafi ƙarancin albashi tun kakar 2023. Duk da haka ko zakara ba ta iya riƙe gwaninta idan ƙungiyar Scotland ko ta rukuni na uku a Ingila ta neme shi, kamar yadda tafiyar Molloy da ta Jack Moylan, wanda ya koma Lincoln City kafin kakar, suka nuna.

Ga yara da iyayensu, babban sauyin daga ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ya zo. A da yaro mai baiwa kan tafi Ingila yana da shekara 16. Daga 2021 sai ya cika 18. Nauyin horar da shi a waɗannan shekaru biyu ya koma kan makarantun ƙwallo na kulob-kulob ɗin Ailan, waɗanda yawancinsu ba su da isassun masu horarwa na cikakken lokaci. Ribar ita ce matasa na buga wa manyan ƙungiyoyin gida kafin su tafi, kuma ana sayar da su da daraja, kamar Mason Melia da Tottenham ta saya daga St Patrick's. Ta wannan hanyar ta cikin gida ce Chiedozie Ogbene, haifaffen Legas, ya bi ta Cork City da Limerick, Gavin Bazunu kuma ya fito daga Shamrock Rovers, kafin dukansu su buga wa tawagar Ailan.

Shelbourne ba ta kare kofin ba. Duff ya ajiye aiki ba zato a Yunin 2025, makonni kaɗan kafin wasan Gasar Zakarun Turai da shi ya samo, mataimakinsa Joey O'Brien ya karɓa, shi ne kuma ya kai ƙungiyar matakin lig na Conference. Shamrock Rovers ta karɓe kofin lig a ƙarshen 2025. Shawarar da ta kasance gaban masu Shelbourne a ƙarshen 2025 ita ce yadda za a raba kuɗin Turai tsakanin albashin tawagar da za ta yi gogayya da Rovers, gyaran Tolka Park, da makarantar matasa, alhali babu tabbacin cewa irin wannan kuɗi zai sake shigowa a kaka mai zuwa.